Inda aka kwana: mai girkawa ya cinye min teburi, ARP kuma ta amsa

'Yan uwa masu wasa da tsofaffin injina, ga halin da 'yar babbar manhajata (operating system) ta injinan Intel 386 take ciki a makon nan.

Bari in fara da abin kunya. Mai girkawar da na rubuta yana kwashe fayiloli daga floppy mai cin 1.44MB zuwa babban faifai, sannan ya rubuta sekta ta farko, wato MBR. Sektar nan baiti 512 ce, amma ba duka ne naka ba. 446 na farko su ne na tayar da inji, 64 da ke biye teburin rabon faifai ne, gurbi huɗu kowanne baiti 16, biyun ƙarshe kuma 55 da AA, alamar da BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, ke dubawa kafin ta miƙa ragama. Ni kuwa gaggawa ta sa na zuba 512 ɗin rankatakaf. Na sake kunnawa, allo baƙi ƙirin, teburi ya tafi da duk abin da ke kansa. Allah Ya taimake ni a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, nake gwaji, kuma ina da kwafin faifan.

Yanzu sai ya karanto sektar tukuna, ya sauya kasonsa kaɗai, ya mayar. A baiti na 440 ma nake tsayawa, domin daga nan Windows NT da 'yan bayanta ke ajiye lambar shaidar faifai. Na kuma mai da rubuta MBR aikin ƙarshe, bayan an kwafe komai an tantance: in wuta ta ɗauke a tsakiya, tsohon tsarin zai tashi lafiya lau. Tambayar “ka tabbata?” ita ma na canza ta, don yatsa ya saba danna Enter ba shawara. Yanzu yana nuna girman faifan, kuma ba ya motsi sai ka rubuta GOGE da hannunka.

Sai sadarwa. Katin sadarwa na NE2000 na zaɓa, saboda sauƙinsa da kuma QEMU na kwaikwayonsa. Kwana biyu ina aika tambayar ARP, wato neman adireshin katin wani inji, zuwa 10.0.2.2, ƙofar sadarwar QEMU, shiru kamar an shuka dusa. Da na kama fakitin na buɗe a Wireshark, manhajar duba fakiti, sai ga 0608 a gurbin 0806, lambar da ke nuna fakitin ARP ne. Injinan x86 suna sa ƙaramin baiti a gaba, waya kuwa babban take so a gaba. Wannan kowa ya karanta shi, amma sai ya cije ka kake riƙewa. Na juya su, na cike fakitin da sifili daga baiti 42 zuwa 60, mafi ƙanƙantar abin da Ethernet ke karɓa, nan take amsa ta faɗo. Ping ma, gwajin ko wani inji na amsawa, ya bi baya a daren.

Adireshina har yanzu da hannu nake sa shi, 10.0.2.15, DHCP mai raba adireshi da kansa sai gaba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne ma'ajiyar katin, wadda aka yanka shafi-shafi na baiti 256 tana zagayawa. Ping yana tafiya sumul har sai ta kai ƙarshe za ta koma farko, sai komai ya sandare. Ina zargin yadda nake matsar da BNRY, rajistar katin da ke nuna iyakar inda na karanta a ma'ajiyar. Wanda ya taɓa haye wannan ramin, don Allah ya nuna min inda ya taka.