Ciwon ƙafa, ƙaramin ciki da ɗinkin Sallah

Cikin yana da sati 9 ƙafar ta fara. Ni tela ce, a gida nake ɗinki a nan Tudun Wada da keken ƙafa irin na dā, kuma abin ya same ni a tsakiyar azumi, ga zafin watan Maris na Zariya, ga atamfofin Sallah jibge a kan gado, ga laulayi. Ban da maigida babu wanda ya san ina da juna biyu. Cikin fari ne, ko uwar da ta haife ki ba kya iya buɗe baki ki faɗa mata, sai dai ta gani a idonki.

Wajen ƙarfe uku na dare, kafin a tashi sahur, na yi miƙa cikin barci, sai jijiyar sha-raɓata ta dama ta ɗaure tamau. Na kai hannu na ji wurin ya dunƙule kamar an cusa ƙwallon goruba a ƙarƙashin fata, yatsun ƙafar duk sun lanƙwashe ƙasa. Salatin da na yi ne ya tashi maigida, ya diro yana haska tocila a ƙasa yana cewa, "Kunama ce? A ina ta harbe ki?" Bai fi minti biyu ba ta saki, amma tsamin da ta bari sai da ya kwana biyu ina ɗingishi.

Washegari na yi wautar da har yau nake jin haushinta. Na aiki yaro kyamis ya ce a ba shi maganin ciwon jiki. Mai shagon bai tambayi ko na wa ne ba, ni kuma ban ce a faɗa masa mai ciki ce ba. Aka ƙullo mini ƙwayoyi kala uku a leda, na riƙa sha bayan buɗa-baki har kwana uku.

Yayata ce ta tona ni. Ta zo daga Samaru karɓar ɗinkin yaranta, ta ga ina jan ƙafa, ta ga gwangwanin tofar da yawu a gefen keke. Ta ce, "Ke, wata nawa ne?" Na sunkuyar da kai. Da ta ga ledar maganin nan a kan taga sai ta juye a tafin hannunta, ta ware ibuprofen daga ciki, maganin ciwon da ba a so mai ciki ta sha, ta yi mini tatas. Da safe ita ta sa ni a keke napep har asibitin unguwarmu. Na ce, "Yaya, ai ciki bai isa awo ba." Ta ce ai Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a fara zuwa kafin sati 12 ya cika, kuma a je sau 8 kafin haihuwa, mu ne dai muke jira sai ciki ya turo zane.

Nas ɗin da ta duba ni ba ta fara da magani ba. Ta sa na kwanta, ta taɓa ƙafafun biyu da bayan hannunta, sannan ta ɗauko tef irin nawa na ɗinki ta auna kaurin kowace sha-raɓa. Na yi dariya na ce yau an auna mai auna mutane. Ta ce, "Ƙanwata, wannan awon ya fi naki muhimmanci." Abin da take nema shi ne gudan jini a cikin jijiyar jini, domin jinin mai ciki ya fi saurin daskarewa tun a watannin farko, kuma ya fi kama ƙafar hagu. Ta ce duk ranar da na ga ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai, ta yi zafi, ciwon ba ya saki, kada in bari kowa ya murza ta ko ya gasa ta, in wuce asibitin koyarwa na Shika a yi hoto. In kuma numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya riƙe, ko tsakar dare ne a fita da ni. Tawa dai lafiya lau, kaurinsu ɗaya. Aka ɗebi jini aka duba yawansa, aka duba zazzaɓin cizon sauro da sikila, saboda su ma suna sa ciwon gaɓoɓi.

Ta ce ɗaurewar jijiya ta fi zuwa idan ciki ya tsufa. Tawa ta yi sammako ne saboda na haɗa amai da azumi da gumi, sannan ina yini a zaune ina taka keke. Ta hana ni duk wani maganin ciwo ban da farasitamol, shi ma sai ya zama dole, ta ba ni na ƙarin jini da folik asid, kullum.

Abin da ya fi yi mini amfani bai ci ko kwabo ba. Ashe duk lokacin da ƙafar ta kama ina naɗe ta ne ina matse yatsu ƙasa, ina ƙara mata ƙarfi. Yadda ake yi, a miƙe gwiwa sambal, a tura dunduniya gaba, a janyo yatsun su kalli fuska. Daren farko da na gwada, maigida ya dafa tafin ƙafar yana turawa, na ji dunƙulen yana narkewa tun kafin in gama jan Ƙulhuwallahu uku. In ni kaɗai ce sai in saƙala ɗankwali a tafin ƙafar in ja, ko in sauko in taka siminti. Kafin in kwanta kuma ina dafa bango da hannu biyu, in mayar da ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, in ƙirga 30, in canza. Sai tawul da ruwa mai ɗumi, da filo a ƙarƙashin ƙafa.

Ruwa ne ya ba ni wahala, don kofi guda in na kwankwaɗa sai ya dawo. Na koma kurɓa kaɗan-kaɗan daga randa, da kankana, da kunun gyaɗa marar sukari sosai. Ayaba da kwaɗon zogale su ma sun zauna a cikina.

Ajiye azumin ya fi komai yi mini nauyi. Sai da maigida ya tambayi limamin masallacinsu ya dawo ya ce mai ciki da ke tsoron cutuwa an yi mata rangwame, ta sha ta rama daga baya. Hajiyarsu da ta ji, ta ce su da ciki suka yi surfe da daka ba su san wani ciwon ƙafa ba. Ban ce komai ba. Da yamma kuma sai ga ƙwaryar fura ta aiko a ba amarya.

Keken ma na rage masa. Duk rigar da na haɗa sai in tashi in zaga tsakar gida, kuma atamfa shida na mayar wa masu su tun Sallah da saura kwana goma. Biyar suka yi mini sannu. Ɗaya har yanzu in mun haɗu a biki sai ta kau da kai.

Da laulayi ya lafa a wata na huɗu, ƙafar ma ta lafa. Ta dawo a na bakwai, sau biyu ko uku a sati, amma a lokacin ko tashin maigida ba na yi, ɗankwalina yana nan a ƙarƙashin filo. Azumi 13 aka biyo ni, na rama su da sanyin hunturu, yarinyar tana goye a bayana ina taka keke.