Hannun da na sa a watan Afrilu

Makon jiya na miƙa makullin sito na yi sallama da aikin layin dogo. Kakana lebura ne tun zamanin diga, yana cikin waɗanda suka ga jirgi ya iso Kano a 1911, ni kuma na kai matsayin helma, wato shugaban leburori, don haka ina da ɗan abin faɗa.

Injin gyaran layi ya fi mu, wannan ba abin musu ba ne. A da idan za mu sauya katakon da ke ƙarƙashin ƙarfe, sai mu yashe tsakuwa da shebur, mu ɗaga ƙarfen da jak, mu zare tsohon mu cusa sabo, sannan mu yi ta dannar tsakuwa da diga har kafaɗa ta mutu. Ni kuma in kifa kumatu a kan ƙarfe ina duban inda ya lotsa. Abin da muke kwashe mako a kai, injin danna tsakuwa kan gama kafin azahar, ya ɗaga, ya daidaita, ya danne. Na kankaren da ake sawa yanzu a madadin katakon kuwa kowanne ya haura kilo 200, ba kayan wuyan mutum ba ne. Duk wanda ya hau jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya ji bambancin a jikinsa.

Amma ƙarfe yana nan ƙarfensa. Idan zafi ya ƙaru da digiri 1, ƙarfe mai tsawon kilomita 1 kan miƙe da fiye da santimita 1. Shi ya sa a tsohon layi ake barin 'yar kafa a kowace mahaɗa. Magabatanmu ba su san lissafin ba, abin da suka sani shi ne da bazara ba a taɓa tsakuwa in rana ta take, domin ita ke riƙe da layi.

Ranar da abin ya faru, a watan Afrilu ne, injin ya gama wata kwana wajen ƙarfe 1 na rana. Na bi mahaɗai na ga duk kafofin sun rufe ruf, ko reza ba za ta shiga ba, ga tsakuwa sabuwar motsawa ba ta kwanta ba. Na ce wa injiniyan, "Yallaɓai, a sa dokar tafiya a hankali a nan, ko kwana uku ne." Ya nuna mini takardar da injin ya fitar, ya ce, "Baba helma, wannan ba aikin diga ba ne." Yara suka yi dariya. Kuɗin hayar injin na tafiya, manya na bugo waya, ya miƙo takardar buɗe layi, na sa hannu. Kunyar dariyar nan ce ta sa ni, ba wani abu ba.

Washegari da la'asar layin ya lanƙwashe kamar maciji. Allah Ya taimaka ƙaramar motar duba layi ce ta fara isowa. Ta sauka, direban ya karye a hannu.

Takardar injin gaskiya ta faɗa, layin daidai yake lokacin da aka auna shi. A wurin bincike sai aka tambaye ni inda na rubuta gargaɗina. Babu. Injiniyan ya ce bai tuna mun yi maganar ba. Aka ba ni takardar tuhuma, ƙarin girmana ya tsaya shekara 3, shi kuwa aka mai da shi babban ofis.

Tun daga ranar nake yawo da ɗan littafi a aljihu, kowace magana da kwanan wata da lokaci. Na kuma zauna na koyi karanta takardar injin wurin wani yaro sa'an ɗana. Ma'aunin zafin ƙarfe da kuɗina na saya.

Shi na bar wa sabon helma, har da littafin. Injiniyan ya aiko mini da saƙon taya murna ta waya, yana nan ban buɗe ba tukuna.