Asabar: r biyu a baki, ɗaya a takarda

Gusau, bayan isha'i.

Zakaran maƙwabta ne ya tashe ni yau tun kafin kiran assalatu, kuma wunin nan kaf a kan maganar zakara ya fara. Auta na da aikin gida na Turanci, an zana dabbobi a littafi, kowace da kukanta rubuce a ƙasa. Da hantsi ya same ni ina tankaɗen garin dawa, ya ce wai zakara "kokadudul-du" yake cewa. Inna na bakin ɗakinta tana jan carbi, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Wane zakara? Ba dai na garin ga ba. Namu kukurukuu shi ka cewa."

Na yi dariya har gari ya shige mini hanci. Na ce masa zakara ɗaya ne ko'ina, kunnen mutane ne ya bambanta, ya rubuta abin da malamarsu ke so ya huta. Amma sai na ga bai kamata yaro ya haddace na Turawa bai san namu ba, na ce ya ajiye littafin mu lissafa. Kare haushi, doki haniniya, zakara cara, maciji huci, zaki gurnani. Jaki kuwa, da tunkiya, da kwaɗo, duk kuka aka haɗa musu, kamar Bahaushe ya gaji da raɗa suna a hanya. Ya nuna bunsurunmu da ke ɗaure gindin darbejiya ya ce shi fa? Na ce barbara. Ya ce mece ce barbara, na ce ya miƙo mini rariya.

A wajen gurnani aka samu matsala. Auta shekararsa biyar, har yanzu harshensa bai iya karkarwa ba, "gulnani" yake cewa. Wata kurciya ta tashi daga kan katanga, ya ce ta tashi "fil". Ɗan ƙanwata da ya zo hutu daga Kano ya samu abin tsokana, ya tasa shi gaba: ka ce fir, ka ce tir, ka ce biyar. Yaro ya cika ya yi fam, idonsa ya kawo ruwa.

Nan Inna ta ajiye carbi. "Kai ɗan Kano, zo nan. Mi a biyar? Biyat muka gada." Ta ce mu nan halshe muke cewa, maharbi kuwa halbi yake yi, saboda haka jikanta bai yi abin kunya ba. Gaskiyarta. Ni kaina a aji nakan rubuta "rigar Musa" a allo, in juyo in ce wa yara "rigam Musa", don haka bakinmu na Zamfara ya saba, r ɗin ƙarshe sai ya narke cikin harafin da ke biye da shi. Shekara nawa ina yi, ban taɓa jin kaina ba sai yau da Bakano ya tsaya yana kallon bakin kowa.

Azahar ta wuce ba wani abu. Wanki, tuwo, wuta ta zo ta koma.

Da la'asar wani almajiri ya tsaya a zaure, Inna ta ce a ba shi sauran tuwo, ta ƙara da cewa yaron nan tun bara yake bara a layin nan. Cak na tsaya da kwano a hannu. Tun bara yake bara. Na maimaita a hankali, ina bin harshena. A bara ta roƙo, tsinin harshe yakan taɓa dasashin sama ya yi rawa. A bara ta shekarar da ta wuce, harshe lanƙwashewa yake yi baya, ya faɗo ya kaɗa sau ɗaya, ga kuma jan wasalin farko. Sai na tuno da na uku, baran sarki, wanda ba abin da ya raba shi da barar almajiri illa wannan r ɗin. Abin da aka koya mana ke nan a Kwalejin Ilimi ta Maru, ra-gare da ra-kaɗe. Na haddace, na ci jarrabawa, na bar su can cikin tsohon littafi.

Abin da ke ba ni haushi, rubutunmu bai raba su ba. Boko ya yi wa ɓ da ɗ da ƙ ƙugiya, amma r biyun harafi ɗaya aka ba su, ajami ma ra ɗaya gare shi. Masu ƙamus ne kawai ke ɗora wata 'yar alama a kan na garawa don baƙin harshe. Mu da muka sha a nono ba ma kuskure, shi ya sa ba ma lura. A ganina ko sau ɗaya ne ya kamata a sa yaran firamare su ji bambancin da kunnensu.

Baban su Auta ya dawo daga kasuwa na tare shi da gwaji tun bai cire hula ba. Na ce ya ce ruwa, ya ce rana. Sannan ya ce karatu, haraji, rediyo. Ya faɗa duka daidai, ukun ƙarshe da garawa, yadda kalmomin aro daga Larabci da Turanci suka saba zuwa. Ya dube ni ya ce, "Malama, yau jarrabawa za a yi kafin a ba ni abinci?"

Bayan magariba na ji ƙara a bayan ɗaki. Na leƙa, ga Auta ya hau turmin da aka kwantar, ya riƙe taɓarya, wai babur ɗin kabu-kabu yake tuƙawa: burrr, burrr. Harshe na rawa tsaf, shi bai ma sani ba. Na ce maza ya ce biyar. Ya waiga wajen Inna, ya ce biyat.