Ranar Laraba a Lafiya

Rigimar ta faro ne a daren 26 ga Yuli, 2025, daren da Super Falcons, 'yan ƙwallon ƙafa mata na Najeriya, suka kara da Maroko a Rabat. A falon Yaya muka yi kallo, nan Unguwar Rogo a Jos, da janareto. Aka tafi hutun rabin lokaci Maroko na da biyu muna nema, Yaya ya miƙe ya ce a kashe inji kada a ƙona mai a banza. 'Yarsa ta biyu, wadda ke aji biyar a sakandare, ta tare ƙofa ta ce sai dai a cire kuɗin man daga kuɗin tararta. Aka bar inji. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: uku da biyu, kofin Afirka na goma ya zo gida.

Washegari yarinya ta fito fili ta ce ita ƙwallo za ta buga. Ashe ta fi shekara tana taka leda a makaranta, takalmin ma a gidan ƙawarta take ɓoye shi. Yaya ya ce ba a gidansa ba. Da aka sanar cewa shugaban ƙasa ya yi wa kowace 'yar wasa alkawarin kwatankwacin dala dubu 100 da gida, na lura muryarsa ta ɗan sauko, amma bai janye ba. Sai ya jefo tambayar da duk gidan aka rasa mai amsa ta: waɗannan 'yan matan, kafin su tafi Turai, a ina suke bugawa, kuma wa ke riƙe da su? Ya dube ni ya ce, "Ke da kike malamar makaranta, ki je ki gano mana. Gani ya kori ji."

Abin kunya ne, amma zan faɗa. Ina iya lissafo 'yan wasan Arsenal har da na benci, saboda 'ya'yana sun cika min kunne da su, amma ban taɓa sanin cewa ƙungiyar da ta ci gasar mata ta ƙasar nan har sau biyu tana nan maƙwabciyar jiharmu ba. Nasarawa Amazons, ta Lafiya, ta ɗauki kofin a 2013 da 2017. Yarinyar ce ta faɗa min. Ita ce kuma ta ce yawanci ranar Laraba ake buga wasannin gasar, don haka da sanyi ya shigo, kakar wasa ta kankama, na nemi izinin kwana ɗaya a wurin aiki.

Bayan asuba muka shiga mota a tasha, mu biyu a kujerar tsakiya, ita a jikin taga. Hazo ya rufe Bukuru, muka wuce Mararabar Jama'a da duwatsun Riyom kowa na ƙudundune cikin rigar sanyi. A gangaren Hawan Kibo direba ya yi shiru, mu ma muka yi shiru, wata dattijuwa a baya tana ta jan salati har muka sauka ƙasa. Muna sauka iska ta canza, kamar an buɗe murfin tukunya. Kafin Gwantu duk an tuɓe rigunan sanyi.

A nan ne taya ta yi faci. Muna tsaye a inuwar mangwaro direba na fama da jak, wani fasinja mai jaka irin ta ma'aikata ya tambayi ina muka nufa. Da na ce kallon ƙwallon mata, sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Hajiya, su ma har gasa gare su?" Ban kai ga buɗe baki ba yarinyar ta karɓe. Ta ce tun 1990 ake yin ta, kafin ma a buga kofin duniya na mata na farko a ƙasar Sin a 1991, wanda Najeriya ta je. Ta ce Jegede Babes ta Legas, ƙungiyar Gimbiya Bola Jegede, ita ta fara ɗaukar kofin, sannan Ufuoma Babes ta Warri ta yi zamaninta, sai Pelican Stars ta Kalaba ta karɓa ta riƙe shekara da shekaru. Mutumin ya gyara tsayuwa ya ce, "Ikon Allah." Ni kuwa ina gefe ina tunanin da za ta haddace darasin kimiyya haka da ba mu da matsala da ita.

Akwanga muka sayi gasasshiyar doya da manja. Daga nan sai Nasarawa Eggon da tsaunukanta, sai hanya ta miƙe. Azahar ta kusa muka shiga Lafiya, garin da Barebari suka kafa, inda za ka ji Hausa a bakin Eggon da Alago da Gwandara kamar tare aka haife su da ita. Zafin garin ya ba ni mamaki, duk da cewa har 1996 jiha ɗaya muke da su. Muka yi salla, muka ci abinci, mai keke napep ya kai mu filin wasa na cikin gari, wanda ƙungiyar maza ta Nasarawa United ma take amfani da shi.

Na zaci zan tarar da cunkoso. Ba haka ba ne. 'Yan kallo sun taru a ɓangaren da ke da rumfa, sauran kujerun rana ce kawai a kansu. Akwai 'yan makaranta da kayan makarantarsu, da masu acaɓa da suka ajiye babura suka leƙo, da wasu samari da ganga da kakaki na roba waɗanda ba su huta ba har aka tashi. Mata ba su da yawa, kuma wannan ya tsaya min a rai. Muka zauna kusa da wani dattijo mai hula zanna da rediyo a cinya. Da muka gaisa ya ce tsohon malamin wasanni ne, ya yi ritaya, kuma in dai ana wasa a gida ba ya fashi.

Shi ya warware min yadda abin yake. Ya ce in ɗauke shi kamar bene mai hawa uku. Na sama shi ne Premiership, wanda muka zo kallo. Ƙarƙashinsa Championship, can ƙasa kuma Nationwide, inda ƙananan ƙungiyoyi da makarantun koyon ƙwallo suke fafutuka. Wanda ya yi ƙoƙari ya hau, wanda ya ƙare a gindin teburi ya sauko. A hawan sama, 'yan shekarun nan, ana raba ƙungiyoyi rukuni biyu, kowa ya buga gida da waje da 'yan rukuninsa. Uku na farko daga kowane rukuni sai a tara su a gari ɗaya, su shida, kowa ya kara da kowa cikin 'yan kwanaki. Wannan shi ake kira Super Six, kuma wanda ya fi maki a nan shi ne zakara, ko da kuwa da ƙyar ya shigo.

Na ce, "Baba, wannan ai ba adalci. Mutum ya yi wata da watanni yana kan gaba, a zo a ƙwace masa a mako guda?"

Ya ce, "'Yata, kin san nisan Yola zuwa Yenagoa a mota?" Ya ce rukunin nan ba don ado aka yi shi ba, kuɗin mai da na masauki ne suka yanke hukunci. Har yanzu ina ganin tsarin yana da cutarwa, amma na fahimci inda ya fito. Ya lissafo min da yatsu: Rivers Angels a Ijebu-Ode a 2021, Bayelsa Queens a Benin a 2022, Delta Queens a Asaba a 2023, Edo Queens a Yenagoa a 2024, Bayelsa Queens kuma a Ikenne a 2025. Wanda ya ci shi ke zuwa wasan share fage na yankin Afirka ta Yamma, in ya tsallake ya shiga gasar zakarun Afirka ta mata da aka fara a 2021. Bayelsa Queens ta zo ta uku a can a 2022.

Ina sauraron sunayen nan ina zana taswira a zuciyata. Ribas, Bayelsa, Delta, Edo, Kuros Riba, Legas. Kusan duk manyan ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, kuma kusan duk suna bakin ruwa. Ta ɓangarenmu sai Amazons, sai Adamawa Queens ta Yola, sai Confluence Queens ta Lakwaja in an lissafa da ita. Na tambayi Baba ko mutanen Arewa sun san da Amazons kuwa. Ya yi murmushi ya ce a 2019 a Kaduna suka doke Rivers Angels a bugun fanareti suka ɗauki kofin ƙalubale, a garin da Kano Pillars ta ɗauki na maza a shekarar. "Na Pillars har yau ana labarinsa a shayi," in ji shi. "Namu kuwa sai ni da rediyona."

Aka busa usur. Baƙin daga kudu suka zo, sun kwana a hanya, amma ba a ga alamar gajiya a jikinsu ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne ƙara. A talabijin ba ka jin yadda ƙafa ke haɗuwa da ƙafa, ba ka jin gola tana tsawa ga 'yan bayanta da murya kamar ta mai tallan kifi. Wata 'yar tsakiya, gajeriya, ta karɓi ƙwallo da ƙirji ta juya ta bar mutum biyu a tsaye, masu ganga suka haukace. Na waiwaya in yi wa yarinyar magana, na ga ba ta tare da ni. Ƙafarta ta dama tana motsi a ƙarƙashin hijabi duk lokacin da aka buga.

Da aka tafi hutu Baba ya ce mata, daga irin wannan filin Asisat Oshoala ta fito, ta FC Robo da Rivers Angels kafin Liverpool da Barcelona, ta zama gwarzuwar Afirka sau shida. Chiamaka Nnadozie ma ragar Rivers Angels ta tsare kafin Faransa. Ita kuwa abin da ke cinta daban ne. Ta sunkuyar da kai ta tambaya ko dole sai da gajeren wando da buɗaɗɗen kai. Ya ce tun 2014 dokar ƙwallo ta duniya ta yarda da rufe kai, kuma a kofin duniya na 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko da lulluɓinta ta buga. Sauran kuma, ya ce, magana ce tsakaninta da mahaifinta, ba da alƙalin wasa ba.

Wata mata da ke bayanmu ta sa baki. 'Yarta tana wata ƙaramar ƙungiya a hawan ƙasa. Ta ce in ba ni da ƙarfin zuciya kada in fara, don ita ke sayen takalmi, ita ke biyan kuɗin mota, kuma cikin ƙawayen 'yarta da suka fara tare yawancinsu sun bari. Ba ta faɗi haka da ɗaci ba. Tana gama faɗa ta miƙe tana ihu saboda an kai hari.

Masu gida suka ci ɗaya a zagaye na biyu, da ka, daga bugun kwana, a haka aka tashi. Muka kwana a gidan wata ƙawata da muka yi kwalejin horon malamai tare, da sassafe muka kamo hanya. Hawan Kibo a hawa ya fi tsawo, motar na nishi a bayan tirela.

Yaya na zaune a tabarma a ƙofar gida lokacin da muka iso. Na zayyana masa komai, hawa uku da rukuni biyu da kujerun da ba kowa. Na ajiye makamina na ƙarshe sai da na ga ya fara hamma. Na ce ya tuna Isma'ila Mabo? Ya ce wane irin tambaya ce wannan, mutumin Mighty Jets, ɗan garin nan, Allah ya jiƙansa. Na ce to shi ne kocin Falcons a 1999 a Amurka, lokacin da Brazil ta sha su uku suka farke duka kafin a fitar da su da huɗu da uku a wasan kusa da na kusa da ƙarshe. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba.

Can ya ce, "Na ji. A ina yaran suke kwana? In ƙafa ta karye wa ke biyan asibiti?"

Na yi tsuru-tsuru. Duk surutun da na sha da Baba, waɗannan biyun ban tambaya ba.

Ya ce, "Ashe da sauran tafiya." Daga cikin zaure muka ji muryarta tana cewa Laraba ta sama ma a gida za su buga.