Maɓallan mashin lissafin kawu

Bara da hutun lakkol na je Tawa gaida kawuna, wanda ya yi aikin banki shekara da shekaru, ranar da zan dawo Yamai sai ya buɗe akwatin ƙarfenshi ya ciro wani ɗan mashin lissafi HP-12C ya ce riƙe ɗana, idona ba ya ganin lambobin nan yanzu. Irin wanda kamfanin HP na Amurka ya fara fitarwa a 1981 ne, mai kwance, fuskarshi ruwan zinariya, kuma ba shi da alamar daidai sam, sai ka sa lamba ka danna ENTER ka sa ta biyu sannan ka danna tarawa.

Na sa mishi ƙananan pil guda 3 irin na agogo ya tashi ras. Amma maɓallan fa tauri! Ni da na saba da Casio mai roba a ƙasa wanda ko shafa shi ka yi ya ɗauka, wannan sai ka danna da gaske ka ji ƙas a ƙarƙashin yatsa, kuma 7 da 4 wani lokaci su yi ƙarar amma lambar ba ta fito ba. Sai na ɗauka tsufa ne ya sa suka sandare, na ɗauko man keken ɗinkin maiɗakina na ɗiga a gefen maɓallan biyu. Wallahi kwana uku ba a yi ba ƙurar hunturu ta haɗu da man ta zama kamar ƙullu, 7 ya daina dawowa sama gaba ɗaya, raina ya ɓaci sosai don amana ce aka ba ni.

Na kai shi kasuwar Katako wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya juya shi ya danna ya kara a kunne, ya ce yaro wa ya ce maka wannan taurin ciwo ne? Ya ɗauko murfin kwalbar tumatir irin mai lotsawa a tsakiya ya danna ya yi ƙas ya dawo, ya ce to haka ƙarƙashin kowane maɓalli yake, ɗan faifan ƙarfe ne mai doro, sai ka matsa shi ya kai wani ƙarfi sannan ya lotsa gaba ɗaya ya taɓa layin wuta, ƙarar nan ita ke gaya wa yatsanka lamba ta shiga ba sai ka ɗaga kai ka duba ba. Mai ƙirga kuɗin mutane idonshi na kan takarda, abin da yake so ke nan. Na ce baba a buɗe a wanke cikin mana, ya ce a'a, allon ciki da ƙusoshin roba narkakku aka ɗaure shi, ka yanke su da wuya maɓallan su koma yadda suke.

Pil kawai ya cire, ya ɗiga alkol mai ƙarfi kaɗan kaɗan a gefen 7 da 4 yana dannawa yana gogewa da tsumma, baƙin datti na fitowa, ya fi minti talatin a kai, sannan ya ce in bar shi a inuwa ya sha iska har gobe, kar in kuskura in sa a rana. Washegari na yi gwajin da mashin ɗin ke da shi, a kashe ka riƙe ON ka danna alamar rabawa, ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama, da na gama ya nuna 12, ma'ana duka sun amsa.

Yanzu cikin jakarshi yake kwana saboda ƙura, kuma da shi nake haɗa makin ɗalibaina. Na kira kawu na faɗa mishi duk abin da ya faru har da zancen man, ya yi shiru kaɗan, sai ya ce kara shi a waya ka danna in ji.