Abin da ya raba ɓeran da ya mutu da wanda ya rayu

Abin da ya fi ɗaure mini kai a binciken ɓerayen ɗakin gwaji shi ne yadda bakteriyar Salmonella take hallaka jinsin BALB/c cikin 'yan kwanaki, alhali jinsin 129 yakan jure mata. A shekarar 1993 Philippe Gros da abokan aikinsa a Jami'ar McGill ta Kanada suka gano ƙwayar gadon da ke da hannu a wannan bambanci, wato Nramp1. Furotin ɗinta yana janye sinadarin ƙarfe da manganis, waɗanda bakteriyar take buƙata, daga aljihun da ƙwayar garkuwar jiki ta kulle bakteriyar a ciki, sai yunwa ta hana ta hayayyafa. A jikin BALB/c kuwa, sauyin amino asid ɗaya tak (wato ɗaya daga tubalan da ke gina furotin), a gurbi na 169, ya lalata furotin ɗin.