Kukan gyaren da ke kunnena na hagu

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar isha'i, na koma shagona da ke Agege ɗaukar cajar waya da na manta. Tun daga bakin layi na ji janareta na aiki, alhali na sallami yara tun magariba. Ina shiga na tarar da ɗan yayata a gaban injin juya ƙarfe, ya ɗaure wani guntun bututu, ya jingina wayarsa da gwangwanin giris, wani Bature a cikin wayar yana ta bayani a gaban teburi cike da kwanson harsashi. Ban tambaye shi abin da yake yi ba, don na san teburin nan, na kuma san salansar bindiga yake son sassaƙawa. Na yi shekara uku ina zama gaban irinsa.

Ya ce, "Kawu, gwaji ne kawai. Ai ku ma an ce kun yi a can Amurka."

Wannan "ku ma kun yi" ita ta hana ni barci. Ban taɓa zaunar da yaran gidanmu na gaya musu yadda aka yi yatsuna biyu na hagu suka sandare ba. Suna ganin hannun, suna ganin ina juyo kunnen dama idan ana min magana, sai suka cike gurbin da labarin jarumta. Laifina ne. Yau zan faɗa, shi da ire-irensa su karanta, in za su iya karanta abin da ya wuce layi biyar.

Na tafi Amurka a 2004 ta hanyar cacar biza, na sauka a Houston, jihar Texas, na samu aiki a wani kamfanin da ke sassaƙa kayan ƙarfe na rijiyoyin mai. Mahaifinmu maharbi ne, da bindigar toka ya ciyar da mu a shekarun fari, ni nake riƙe masa jakar albarushi ina ɗan shekara tara. Don haka da wani abokin aikina ya gayyace ni gonar surukinsa harbin aladun daji da ke musu ɓarna, ban ji wani baƙon abu ba. Ba na cin naman, manoma kuma na godiya. Daga nan na shiga.

Abin da yaran nan ba su sani ba, wayar kuma ba ta gaya musu, shi ne ƙarar bindiga iri biyu ce. Akwai fashewar iskar albarushi a bakin bututu, ita salansa ke ragewa, kamar dai yadda salansar babur ke yi: iskar na bi ta ɗakuna-ɗakuna tana hucewa kafin ta fita. Sannan akwai tsawar da harsashin kansa ke yi idan ya fi sauti gudu, kamar ƙarar bulala a iska, wannan kuwa babu salansar da ke taɓa ta. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafin gari ya kai digiri 20, da sanyi ya ragu, da zafi ya ƙaru. Wanda ke son bindiga ta yi laushin murya dole harsashinsa ya tsaya ƙasa da wannan iyaka. Da yake an rage masa gudu, sai a ƙara masa nauyi da tsawo don ya yi aiki. A 2011 aka amince da wani harsashi a hukumance a Amurka mai suna .300 Blackout, wanda dama don irin wannan aka tsara shi, kowa a filin harbi maganarsa yake. Na cike takardun gwamnatin tarayya, aka ɗauki hoton yatsuna, na biya harajin dala 200 da dokarsu ta 1934 ta ɗora wa salansa, na jira wata da watanni kafin takardar ta fito. Komai nawa bisa doka yake. Ina nanata wannan saboda har yau akwai wani ɓangare na zuciyata da ke cewa ban yi laifin komai ba, kuma a gaban hukumar can gaskiya ne.

Harsashin kamfani tsada gare shi, sai na ce zan riƙa cika nawa da hannu, kamar yadda dubban mutane ke yi a can. Na sayi injin matsi, sikeli, littafin awo da kamfanonin albarushi ke bugawa, da na'urar auna gudun harsashi. Na gaya wa matata tattali ne. Ban taɓa yin lissafin da ya nuna tattalin ba, kuma a shekarun nan ne rufin ɗakin mahaifiyarmu ke yoyo a gida ina cewa a jira wata mai zuwa. Wannan ya fi hannun ciwo, amma ba shi ne zancen yau ba.

Sai dai in faɗi gaskiya, aikin na da daɗi. Mutumin da ya yini yana sassaƙa ƙarfen wani, ya dawo gareji da dare, shiru, yana auna abu da hannunsa har ya ga sakamakonsa a takarda daga mita ɗari, akwai natsuwa a ciki. A ƙasar da ba ka da dandali, ba ka da majalisar shayi, ita ce majalisata. Ban zama ɗan ta'adda ba, ban cuci kowa ba. Da a ce na tsaya inda littafi ya ce a tsaya, watakila da yanzu ba ni da abin rubutawa.

Ban tsaya ba. Ni makeri ne, ina aiki da awon da ya fi silin gashi siranta, sai na ɗauka na fi littafin sani. Littafin na da iyaka ta sama da ta ƙasa. Kowa na tsoron ta sama, don kowa ya san albarushi in ya yi yawa bindiga na fashewa. Ta ƙasa ce mutane ke rainawa, ni ma na raina. Ina neman ƙarin shiru, ina ragewa kaɗan-kaɗan, ina jin daɗin yadda mutanen da ke gefena a filin harbi ke juyowa suna tambaya.

Allah ya yi min gargaɗi sau ɗaya. Dogon harsashi mai tafiya a hankali yana buƙatar tsagar cikin bututu ta murɗa shi sosai, in ba haka ba sai ya fita yana tangaɗi. Na ga alamar a takarda, ramukan ba zagaye suke ba, sun yi tsawo kamar ramin makulli. Na gani na share. Bayan mako biyu wani ya daki farantin cikin salansar ya yage bakinta. Na aika aka gyara, na ce tsautsayi ne. A lokacin ne kuma na daina sa abin toshe kunne, wai ai bindigar ba ta da ƙara. Bindigar da ba salansa tana iya haura desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti. Salansa na rage ashirin zuwa talatin da wani abu. Abin da ya rage ba raɗa ba ne kamar yadda ake nunawa a fim, kunne na ji a jikinsa.

Ranar da abin ya faru Asabar ce da safe, da ɗan sanyi. Na harba ɗaya daga cikin nawa, na ji wani ɗan "tuf", na'urar auna gudu ba ta nuna komai ba. Mai hankali a nan zai tsaya, ya zare sakata, ya leƙa bututun. Amma matsalar wanda ya saba da shiru ke nan: harbin da ya fita da wanda bai fita ba kusan muryarsu ɗaya. Na zargi na'urar. Na ce bari in gwada ta da harsashin kamfani mai cikakken gudu. Na farkon bai fita ba, yana maƙale a tsakiyar bututu. Na biyun ya same shi a can.

Ban tuna ƙarar ba. Na tuna ina zaune a ƙasa ina kallon hannuna, wani dattijo na ɗaure min shi da rigarsa, bakinsa na motsi ba na jin abin da yake cewa. An yi min aiki sau biyu. Kuɗin asibiti ya cinye abin da na tara na shekaru. Yatsun ba su sake lanƙwasa ba, kunnen hagu kuma tun ranar yake kukan gyare, dare da rana, cikin sallah, cikin barci, cikin hayaniyar Oshodi ma ina jin sa. Daga baya na karanta cewa wanda ya fara sayar da salansar bindiga, Hiram Percy Maxim, ya yi mata rajista a 1909, kuma mahaifinsa ne ya ƙera bindigar Maxim, irin wadda Turawa suka zo da ita Sakkwato a 1903. Uban ya kurumce saboda gwajin bindigoginsa. Na daɗe ina tunanin wannan gida.

Na sayar da komai bisa ƙa'ida kafin in dawo. Ko kwanso ɗaya ban shigo da shi ƙasar nan ba.

To ku saurara, 'yan samari. Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma, da na fara sai na ga ba su kai ba.

Kada ku taɓa. Ni da na yi a ƙasar da doka ta yarda, da albarushin kamfani mai lamba, da sikeli mai kyau, da littafi, da motar asibiti da ta iso cikin mintuna, ga hannuna. Kai me kake da shi? Bidiyon minti takwas da janareta mai tari. Mutumin da ke cikin wayar ba zai nuna maka ranar da tasa ta fashe ba, in ma ya nuna, wucewa za ka yi, don ku yaran yanzu ba ku iya kallon abu har ƙarshe. Na ba yaron nan aikin gyaran shaftin injin markaɗe, awo uku kacal, ya kuskure biyu yana amsa saƙo. Shi ne zai auna abin da kuskurensa ke cire hannu?

Kuma nan ba Texas ba ce. Dokar makamai ta 1959 tana nan da ranta. Bindigogin da ta kira na soja, har da masu awon .300 da .303 da 7.62, sai da lasisin shugaban ƙasa. Ƙera bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba laifi ne mai ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Ɗan sandan da zai shigo shagon nan ba zai tambaye ka ko gwaji kake ba. Zai ga bututu, ya ga zane, ya ga Bahaushe, shi ke nan labari ya haɗu. Kuma ba kai kaɗai za a ɗauka ba. Duk wanda ya zauna Legas ya ga rikicin Idi Araba a 2002 ko na Mil 12 a 2016 ya san yadda ƙaramin abu ke zama wuta a kan al'umma gaba ɗaya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Dattawan Zango sun yi shekara da shekaru suna gina zaman lafiya da maƙwabta, kai za ka rushe shi da guntun fayif don ka burge abokai a WhatsApp.

Albarushi a ɗakin haya kuwa, ko maganar ba na so. Ina garin nan ranar 27 ga Janairun 2002 da rumbun makaman barikin Ikeja ya tashi. Mutum fiye da dubu suka mutu, akasarinsu a ruwan Oke-Afa suna gudu, mata da yara. Wannan a hannun sojoji ke nan. Kai ɗakinka akwai risho, akwai jarkar fetur, akwai yaran maƙwabta a tsakar gida.

Da na matsa masa, yaron ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce 'yan bindiga sun sake shiga ƙauyen su babansa, 'yan sa-kai da bindigar toka suke fita, shi yana nan yana gyaran injin markaɗe. Ya yi kuka. A nan bakina ya mutu, domin ni ma ina aika kuɗin fansa kamar kowa, ni ma na binne. Ba zan ce masa zafin zuciyarsa ƙarya ne ba. Amma abin da yake shirin sassaƙawa ba zai kare kowa ba. Salansa ba kayan tsaron gari ba ce, mai tsaron gari so yake a ji ƙararsa a fito. Kuma duk abin da ya bar shagon nan, ba shi zai zaɓi hannun da zai ƙare a ciki ba.

In da gaske son aikin kake, akwai ƙofa. Masana'antar makamai ta DICON na Kaduna tun 1964, akwai aikin soja, akwai karatun injiniya. Je ka koya a inda akwai malami da zai mare ka kafin ƙarfe ya mare ka. Ko da yake, in don ta ni ne, ko can ɗin ma kada ka je. Ka bar bindiga gaba ɗaya, ka riƙe injin markaɗen, matan Agege ba za su daina niƙa tattasai ba. Na san yanzu na ce ka je, yanzu na ce kada ka je. Duka biyun nake nufi. Na ce masa ya goge bidiyoyin, daga baya na ce ya bar su, sani ba haramun ba ne, ni ma da karatun kimiyyar abin na fara fahimtar sauti da matsin iska fiye da yadda aka koya min a makaranta. Da safe kuma na sake cewa ya goge.

Kunnuwanku kuma. Wannan ko ba bindiga. Kuna yini gaban giranda ba toshi, ku fito ku cusa abin jin waƙa har na gefe na ji. Kunne in ya tafi ba ya dawowa, ba a sayar da shi a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo.

Daren nan na sa shi ya kwance bututun da hannunsa, ya yanka shi gida huɗu a gabana, muka jefa cikin buhun 'yan gwangwan. Na karɓe makullin shago. Kwana biyu ke nan yana gaishe ni a tsaye, a taƙaice, ba ya haɗa ido da ni. Jiya uwarsa ta kira daga gida tana tambayar me ya haɗa mu, na ce mata aiki ne ya ɓata. Ban gaya mata ba tukuna. Gobe Juma'a, in an sauko masallaci zan ja shi gefe in ba shi hannun nan ya riƙe, ya gwada lanƙwasa yatsun da kansa.